Baffana da Ogan Ɗinsa

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin ranar Talata Allah ya karɓi ran Baffana, ƙanin mahaifina, a ɗakinsa da ke gidanmu a Kazaure. Na duba agogo a lokacin, shi ya sa na sani. Mu huɗu ne a wurin. Matarsa, wadda duk muke kira Inna, tana zaune wajen ƙafafunsa. 'Yarsa ta fari tana tsaye a bakin ƙofa. Limamin unguwarmu yana kusa da kansa yana maimaita masa kalmar shahada. Sai ni. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Aka yi masa sutura, muka kai shi makwancinsa kafin magariba.

Kwana uku mutane suna shigowa. Mafi yawansu tsofaffin ɗalibansa ne daga Roni da Gwiwa da Babura, garuruwan da ya yi koyarwa a firamare tun kafin a sami 'yancin kai. Wani direban babbar mota, ƙato mai furfura, ya zauna a kan tabarma ya yi ta kuka har aka kama shi aka fitar. Liman ya shaida cewa bai taɓa waiwayawa a sahun asuba bai ga Baffa ba, sai da ciwo ya kwantar da shi. A soro muke karɓar gaisuwa, kuma na lura duk wanda ya shigo sai ya saci kallon wani abu mai kama da kabad da ke kusurwa, an rufe shi da farin zane. Wasu suka tambaya a hankali, "Ashe fiyanon Malam yana nan? Mun ɗauka ya lalace tun tuni." 

A rana ta uku tsohon amininsa ya iso, wani makiyayi daga rugar da ke bayan Gwiwa, yana dogara sanda. Mu asalinmu Barebari ne, shi kuma Bafillace, don haka tsakaninsa da Baffa kullum wasa ne da tsokana. Tun daga ƙofa ya ɗaga murya.

"Ina bawan nan nawa? An ce min ya yi tafiya bai nemi izinina ba."

Bai ƙarasa rufe baki ba hawaye suka zubo masa. Da ya natsu aka yi addu'a, sai ya matso kusa da ni.

"Ɗan bawana, kiɗan fa? Wa ya bar wa?"

Na nuna abin da aka rufe da zanen, na ce, "Suna cikin ogan, Baba."

"A cikin katakon nan?"

"A ciki. Na'ura ce, tana riƙewa."

Ya daɗe yana kallon zanen. Ya ce, "To, madalla. Don ni dai haƙora sun zube, numfashi ya ƙare. Sarewar ma jikoki sun ɗauke suna korar awaki da ita."

Abin da na gaya wa tsohon nan shi ne abin da na yi imani da shi shekara da shekaru, kuma ba gaskiya ba ne. Kiɗe-kiɗen da Baffa ya ƙare rayuwarsa yana tarawa suna gab da ɓacewa, kuma da hannuna a ciki. Shi ya sa nake wannan rubutu. Ni ba marubuci ba ne. Duba-gari ne ni, na yi ritaya, karatuna bai wuce firamare da kwas ɗin tsafta ba. Amma na iya jera magana daki-daki, kuma haka zan yi.

Baffa ne ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Mutum ne dogo, siriri, mai saurin tafiya, ba ya cin abinci sai ya ga kowa ya samu. Bai taɓa dukana ba, abin da a lokacin nake ganin sakaci ne. Shekarar da na faɗi jarrabawar shiga makarantar midil na ƙi fitowa daga ɗaki kwana biyu. Bai yi min faɗa ba. Ya ɗauke ni a bayan kekensa daga Roni har Kazaure, ya kai ni wajen masu ɗaukar 'yan kwas ɗin tsafta, ya ce musu, "Ga wanda ko kwano aka ajiye a karkace ba ya iya barci. Ku ɗauke shi." Tun daga ranar ya daina kiran sunana, sai dai Duba-gari, kuma gida duka suka bi shi.

A kwalejin horon malamai ya koyi kiɗa, a kan wani tsohon akwati mai iska wanda ake takawa da ƙafa. Duk makarantar da aka tura shi, shi ne malamin waƙa. In babu abin kiɗa sai ya yi da tafi da bayan tebur. Maganarsa a aji ɗaya ce, ɗalibansa duk sun haddace ta: "Ku yi shiru ku ji tukuna, bakin ba zai gudu ba."

Da kuɗin mai suka shigo ƙasa, aka jawo mana wutar lantarki, aka kuma yi wa ma'aikata ƙari mai kauri a dunƙule. Abokansa suka sayi babur, wasu firji, wasu suka yi rufin kwano. Baffa ya tafi Kano ya dawo da yamma a bayan a-kori-kura, yana rungume da wani abu da aka naɗe da bargo. Sai da maza huɗu suka shigar da shi soro. Inna ta zagaya shi sau biyu, ta ɗaga murfin, ta ce, "Malam, mutane suna sayo firji, kai ka sayo mana kabad mai haƙora?"

Ya ce, "Sunansa ogan."

Ta ce, "Ko sunansa Alhaji, ba ya sanyaya ruwa."

Mutanen gari fiyano suke ce masa, shi kuwa bai gaji da gyara musu ba. Bari in bayyana shi yadda ya bayyana min, don wanda bai taɓa gani ba.

Da farko akwai murfi na katako mai mukulli. In an buɗe, sai a ga layi biyu na maɓallai farare da baƙaƙe, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Na sama na hannun dama ne, shi ke ɗaukar ainihin waƙar. Na ƙasa na hannun hagu ne, shi ke yi mata rakiya. A ƙasa kusa da daɓe akwai sandunan katako goma sha uku da ake takawa da ƙafar hagu, su ke ba da murya mai kauri wadda ake ji har a ƙirji. Ƙafar dama tana da nata mataki guda, mai faɗi, kamar totur ɗin mota: in ka danna gaba ƙara ta ƙaru, in ka jawo baya ta ragu. Baffa ba ya hawa da takalmi, ya ce tafin ƙafa ma yana da ido.

Sama da maɓallan akwai jerin wasu 'yan makunnai masu launi. Su ne ke sauya murya. Ka kwantar da fari, abin ya yi kukan sarewa. Ka kwantar da ja, ya koma kamar begila. Rawaya kuwa kamar goge. Ana iya haɗa biyu ko uku. Akwai wani kore wanda ke sa muryar ta riƙa rawa. A gefen hagu kuma akwai sashen ganga: maɓallai 'yan ƙanana, kowanne da irin bugunsa, da abin murɗawa mai lamba ɗaya zuwa goma na sauri ko jinkiri. Lasifikar tana ciki, bayan wani yadi mai ruwan ƙasa, daidai gwiwar mai kiɗa.

Kunna shi ma da ƙa'ida. A fara duba fitilar soro, in tana lumshewa wutar ba ta da ƙarfi, a haƙura. In tana da kyau, a kunna sitabilaiza mai daidaita wuta, a jira allurarta ta tsaya. A jawo matakin ƙara baya gaba ɗaya. Sannan a danna makunnin ogan, jar fitila ta kama, a ƙirga goma. Wajen kashewa a bi ta baya, a zare filogi, a share maɓallan da busasshen ƙyalle, a rufe, a sa maganin ɓera a bayansa.

Wannan ɓangaren duk na koya, kuma na ji daɗinsa, don tsari ne. Ni nake share masa shi duk Asabar. Amma ranar da ya matsa gefe a kan benci ya ce, "Zauna, Duba-gari, kawo yatsanka in ɗora maka," sai na mayar da hannuna baya. Na ce ni ba yaro ba ne. Ya sake nema sau uku a watanni daban-daban, sannan ya bari.

Abin da yake yi da ogan ɗin ba kiɗan biki ba ne. Tattarawa yake yi. Duk waƙar da ya tsara wa yara a makarantu, da waƙoƙin daka da ya ji a bakin matan Roni, da na masu ban ruwa a fadama, sai ya zauna bayan la'asar yana nemo su a kan maɓallai ɗaya bayan ɗaya. Ranar kasuwa amininsa makiyayi yakan zo da sarewarsa ta kara. Shi ya busa, Baffa ya bi shi da farin makunni a kwance.

"Ba haka ba ne, Babarbare! Saniya ta ji wannan ai sai ta tsinke igiya."

"Kai ne ba ka tsaya wuri ɗaya ba. Jiya wani abu ka busa, yau wani."

"Jiya da safe ne, yau da yamma. Kai kiɗan safe da na yamma ɗaya ne a wurinka? Shi ya sa har yau kake bawana."

Akwai wata murya a sarewar da babu ita a ogan, tana faɗawa tsakanin farin maɓalli da baƙin da ke kusa da shi. Sun yi makonni suna rigima a kanta. A ƙarshe Baffa ya gano in ya kwantar da koren makunni ya taɓa baƙin ya zame zuwa farin da sauri, tana fitowa kusa da daidai. Makiyayin ya saurara, ya ce, "To, maraƙi dai zai yarda. Uwar ban sani ba." Taga a buɗe take, kuma mutane kan tsaya a jikin katanga su ji.

Sashen ganga bai cika amfani da shi ba, ya ce bugun Turawa ne, sai in waƙar fareti ce ta yara. Amma wata rana na shigo na tarar da soro babu kowa, ganga tana ta bugu, rakiyar hannun hagu tana bin ta, shi kuwa yana tsakar gida yana alwala. Na tsaya ina kallon benci babu mutum abu yana kiɗa. Daga nan na yanke a raina cewa na'urar tana ajiye abin da aka kaɗa mata, kamar yadda rikoda ke yi. Ban tambaye shi ba. Ni mutum ne da in na yanke abu ba na komawa kansa.

Yanzu sai rigimar. Babban ɗana ya nemi aure a wani gida mai daraja a garin nan. Kamar yadda aka saba, suka aiko a bincika asalinmu. Sai magana ta dawo min cewa wata gwaggon yarinyar ta ce, "Ba gidan nan da ake kiɗa ba ne? A dai duba, kada a kai 'ya gidan maroƙa." Wanda ya san ƙasar nan ya san nauyin wannan kalma. Raina ya ɓaci. Na tafi soro na same shi a kan benci, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na faɗi abin da bai kamata ɗa ya faɗa wa uba ba.

Na ce, "Baffa, kakanninmu da allo aka san su. Yau ana ce mana makaɗa a gari. Girma ya kama ka. Don Allah a rufe abin nan."

Ya ce, "Na taɓa roƙon wani da shi?"

"Ba ka taɓa ba. Amma masu wucewa ba su san haka ba."

"Yaron yana son yarinyar?"

"Yana so."

Sai ya tashi ya ɗaga murfin bencin, wanda ake ajiya a cikinsa, ya ciro wani abu da ya zo tare da ogan ɗin, ba a taɓa kwance shi daga leda ba. Abin sawa a kunne ne, mai doguwar waya. Ya lalubo wani rami a ƙarƙashin maɓallan ya cusa bakin wayar. Ya danna maɓalli, ban ji komai ba. Ya ce, "In an sa wannan, lasifika takan yi shiru. Jeka ka gaya musu an daina."

Aka yi auren. Shekara tara ya ƙara a duniya, kuma ko sau ɗaya bai zare wayar nan ba. Kullum bayan la'asar yana kan bencinsa, taga a rufe. In ka wuce ta soro ba abin da za ka ji sai ƙwas-ƙwas ɗin maɓallai da dukan sandunan ƙafa, da shi kansa yana gyaɗa kai. Makiyayin ya ci gaba da zuwa na ɗan lokaci, suna karɓa-karɓa da abin kunnen, amma ya ce ba ya iya busa da kunne a toshe, a hankali ya rage zuwa. Baffa bai sake ɗaga maganar da ni ba. Yana yi min fara'a kamar da. Ni kuma na ci gaba da share masa ogan duk Asabar, muna hirar komai ban da shi.

A zaman makoki, shi wannan surukin nawa, uban yarinyar, shi ne ya ce min, "Me ya sa Malam ya daina kiɗan nan? Da can da gangan nake ratsowa ta layinku a kan keke." Ashe maganar tsohuwa ɗaya ce, shi bai ma san an yi ta ba.

Akwai dama guda da Allah ya kawo, na toshe ta. Shekara biyu kafin rasuwarsa, 'yarsa ta zo daga gidan mijinta a Babura da rikoda da kaset sababbi. Ta ce, "Yaya, Baba yana tsufa. A zare wayar nan na kwana biyu kawai in ɗauki kiɗan." A gabansa ta faɗa. Baffa ya kalle ni. Na ce babu buƙata, duk suna cikin na'urar, kuma kaset abu ne mai yawo, gobe sai a ji shi a tashar mota. Ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu. Ya ce, "Bar shi. Yayanki ne babba a gidan nan yanzu." Ta mayar da rikodarta cikin jaka.

Sai da aka yi sadakar arba'in na nemi izinin Inna na buɗe ogan ɗin, 'yarsa tana tsaye. Na zare wayar kunnen, na bi ƙa'idar kunnawa ba tare da kuskure ba. Na danna maɓallin ganga na farko, ganga ta fito. Na biyu, wata gangar. Na bi su duka har na ƙarshe. Na kwantar da makunnai ɗaya bayan ɗaya, fari, ja, rawaya, kore. Babu sarewar makiyayi, babu waƙar daka, babu komai. Na aika aka kira mai gyaran rediyo na bakin kasuwa. Ya kwance bayan, ya haska da tocila, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Baba, babu kaset a nan, babu faifai. Gangar nan tun daga kamfani aka gina ta a ciki, da 'yar rakiyar da ke bin ta. Amma abin da mutum ya kaɗa da hannunsa, yana ɗaga yatsa ya tafi."

"Ka duba da kyau."

"Wallahi na duba. Irin wannan ba ya ajiya."

Inna tana jin mu daga bakin ƙofa. Ta ce, "Ai Malam ya sani. Ya taɓa ce min ranar da ya tafi sun tafi. Na ce, to Malam, ka gaya wa Duba-gari mana. Ya ce in ya gaya maka dole ka zaɓa tsakaninsa da mutuncin ɗanka, shi kuwa ba zai sa ka a wannan hali ba."

'Yarsa ta kau da kai daga gare ni. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

A cikin bencin muka sami littafi ɗaya na makaranta, da rubutunsa mai kyau. Na yi murna, na ɗauka waƙoƙin ne. Ashe tsarin makunnai ne kawai. Kowane shafi da sunan kiɗa, da wurin wanda ya samo shi, da yadda ake saita ogan: "Saukar shanu rafi da yamma, daga bawana na Gwiwa. Fari da kore, babu ganga, ƙafa a hankali." "Dakan matan Roni. Rawaya, ƙafa mai ƙarfi." "Waƙar wanke hannu ta 'yan aji biyu, Babura. Ja, ganga ta uku, sauri a kan biyar." Haka har ƙarshen littafin. Mun san muryar da kowanne zai fito da ita, mun san saurinsa. Waƙar kanta ce babu, don a kansa take.

Ga inda muke yanzu. A rabon gado 'yarsa ta karɓi ogan ɗin, ta bar shi a soronsa. Tana da 'ya a kwalejin malamai wadda ta ɗan iya maɓallai, kuma tana da kunne irin na kakanta: in aka rera mata abu sau uku takan nemo shi. Ni nake kunnawa in saita makunnai yadda littafin ya ce, ita ta zauna a benci, uwarta ta riƙe rikoda. Zuwa yau mun dawo da guda huɗu. Uku daga bakin wata ungozoma a Gwiwa da ta yi aji a hannunsa, ɗaya daga makiyayin, wanda ya yi mana da fito tunda ba ya iya busa, yana tsayawa yana haki yana zagin Baffa da ya bar masa aiki. Sauran shafukan suna nan ba a taɓa su ba.

Saboda haka ina roƙon duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa. In ka zauna a ajinsa a Roni ko Gwiwa ko Babura, ko ka taɓa tsayawa a jikin katangarmu a shekarun da ake jin kiɗan, ko kana da uwa ko kaka da ta yi, ka zo Kazaure ranar Asabar bayan la'asar, ka tambayi gidan tsohon malamin waƙa. Ba sai kana da murya ba, kuma ko rabin waƙa ka tuna muna so. In tsohuwa ce ba ta iya tafiya, a aiko, mu za mu je da rikoda. Kada ka ce sai bayan girbi, waɗanda suka sani duk sun manyanta. In kuwa ba ka tuna komai ba, ka yi wa Baffa addu'ar samun rahama, ka roƙa min Allah ya yafe min abin da na yi masa.